Sauya wa Jif Taya a Kebbi: Tambayoyin da Masu Manyan Motoci Suka Fi Yi

Mutum zai sayi Prado ko Lexus ko Land Cruiser da kuɗi masu ciwo, ya riƙa tattalin fenti da man inji kamar amarya, amma ranar da taya ta suɗe sai ya miƙa wa direba kuɗi ya ce, "Je ka samo masu kyau." Na daɗe ina hulɗa da tayoyin irin waɗannan motoci a Birnin Kebbi, kuma tambayoyin da ake yi mini ba su cika sauyawa ba. Ga su nan, da amsar da nake bayarwa.

An rubuta All Season a jikin tayar da motata ta zo da ita. Dole irinta zan saya?

Ba dole ba ne, kuma ba laifi ba ne. Ma'anar rubutun ita ce taya ta kowane yanayi, sai dai yanayin da masu ƙera ta suke nufi na Amurka ne da Kanada, inda mutum ke son taya ɗaya ta fishe shi lokacin zafi da lokacin da dusar ƙanƙara ke ɗan zuba. Shi ya sa za ka ga M+S a gefenta, wato laka da dusar ƙanƙara. Mu nan abin da muke da shi bazara ce daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta, sai damina daga Yuni zuwa Satumba, sai hunturu da ƙurarsa. Sanyin da ke sa mu hura wuta a watan Janairu, a wurin robar taya ba sanyi ba ne.

Saboda haka taya mai wannan rubutu tana aiki a Kebbi lafiya lau, kuma yawancin tayoyin jif da ke kasuwa ma irinta ne. Amma ba rubutun zai cece ka ba. Abokan gabar taya a nan zafi ne, da rami, da nauyi, da tsufa, kuma da su ya kamata ka auna duk wadda aka ɗauko maka.

Wadda za ka guda ita ce tayar ƙanƙara zalla, wadda wasu motocin tokumbo ke zuwa da ita, musamman daga Kanada. An haɗa robarta don sanyin da ke ƙasa da digiri 7, don haka a kwaltarmu laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi tsawo. Za ka gane ta da ƙananan tsage-tsage barkatai a jikin zanen, da kalmomi irin Winter ko Ice, ko sunaye kamar Blizzak da X-Ice. Idan da su motarka ta zo, cire su ko da zanen bai taɓu ba.

Lambobin da ke gefen taya fa, me suke cewa?

Ɗauki 265/65 R17 112H, wadda Prado da yawa ke takawa. 265 faɗin tayar ne a milimita. 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 172 na roba da iska tsakanin rim da ƙasa. 17 girman rim ne a inci. Waɗannan ukun kowa na dubawa, don in ba su dace ba taya ba za ta shiga ba. Na ƙarshen ne ake tsallakewa, alhali su ne ran maganar.

112 lambar nauyi ce: taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120. Lamba 107 kilo 975 ne, 110 kilo 1,060, 116 kuwa kilo 1,250. Land Cruiser ko Lexus LX 570 ba kowa a ciki ta haura tan biyu da rabi. Ka ƙara mutum bakwai za su ɗaurin aure Zuru, da jakunkuna, da buhun shinkafa biyu da aka ce a kai wa surukai, ka ga inda lissafin ya tsaya. Kada ka sauko ƙasa da lambar da kamfanin mota ya rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Hawa sama da ita babu matsala.

Harafin na gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Wasu na cewa, "Ni da ba na wuce ɗari, ina ruwana da H?" Da ruwanka. Tayar da aka gina ta jure gudu mai yawa, an gina ta ne ta jure zafi mai yawa, don gudu zafi yake haifarwa a cikin roba. Haka nan idan ka ga an rubuta Temperature da harafi a gabansa, A ya fi B, B ya fi C. A ƙasarmu ta zafi A nake nema, in babu in karɓi B, C kuwa ko kyauta a kai kasuwa.

Ta yaya zan san shekarun taya, kuma da gaske tana ƙarewa?

Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka tarar da lambobi huɗu, sau da yawa a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 1824 na nufin mako na 18 a shekarar 2024. Wani lokaci a gefe ɗaya kaɗai ake bugawa, sai ka sa a juya maka ita.

Ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. A wata bazara na sayi huɗu a wani shago, fes da su, har da 'yan gashin robar nan da ke jikin sabuwar taya. Farashin ya yi sauƙi, na ɗauka wayona ne ya ba ni. Mako uku bayan nan, mun wuce Koko mun nufi Yawuri da misalin ƙarfe biyu na rana, sai ta baya ta hagu ta yi bindiga. Allah ya taƙaita, ban danna birki ba, na ƙanƙame sitiyari na bar motar ta rage gudu da kanta har muka gangara gefe. Da muka fito, zanen ya saɓule daga jikin tayar kamar ɓawon rogo. Wani dattijo mai faci da muka kai wa ita ya tofa yawu a yatsa, ya goge ƙurar gefen, ya ƙura wa lambobin ido, ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga taya ta girmi yaron da aka sa firamare bana." Shekararta bakwai a ajiye, ba ta taɓa taka ƙasa ba sai a motata. Araha ba ta ado.

Roba na bushewa ko ana aiki da ita ko ba a yi, zafi da rana kuma na gaggauta bushewar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira, kuma jami'anta na duba wannan lamba a hanya. Kamfanin Michelin kuwa cewa yake yi a riƙa kai ta ga masani duk shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. A zafin Kebbi, na fi karkata ga lissafin huɗu zuwa biyar. Wajen saye kuma, kada ka karɓi wadda ta wuce shekara ɗaya da rabi da ƙira, don kuɗin sabuwa za ka biya.

H/T, A/T ko M/T: wacce ta dace da ni?

Amsar tana hanyar da kake bi, ba a yadda tayar ke yi wa mota kyau ba. H/T ta kwalta ce: zanenta a haɗe, ba ta ƙara, tana da laushin tafiya, tana riƙe hanya idan an yi ruwa, kuma ba ta sa mota shan mai. Wanda zirga-zirgarsa Birnin Kebbi ce zuwa Sakkwato ta Argungu ko ta Jega da Tambuwal, ko tafiyar Abuja, ita ce tasa. Masu Lexus RX 350 da Toyota Highlander da Marsandi ML kusan dukansu nan suka faɗo.

A/T rabi da rabi ce. Zanenta ya fi zurfi da tazara, kafaɗarta ta fi ƙwari, tana jure tsakuwa da burji da ƙayar aduwa da bagaruwa fiye da H/T. Idan kana da gonar shinkafa a fadamar Suru ko Bunza, ko aikinka na kai ka ƙauyukan Bagudo da Kamba inda kwalta ke ƙarewa a bar ka da yashi, A/T za ta biya ka kuɗinka. Abin da za ka biya a madadi shi ne ɗan gurnani a kan kwalta da ɗan ƙarin mai. A nan ake samun Yokohama Geolandar G015 da BFGoodrich KO2, sai dai ita KO2 tana da tauri da nauyi, wanda ya saba da laushin Lexus zai ji bambanci a ƙugunsa tun ranar farko.

M/T, mai manyan haƙora, ta laka ce tsantsa. Samari na son ta don tana sa mota ta yi kwarjini. A kan kwalta kuwa kuka take yi kamar injin niƙa, kuma idan an yi ruwa ba ta kama hanya kamar sauran. In ba kullum kake cikin taɓo ba, bar ta.

Ga wanda ya rasa inda ya tsaya, tambayar da nake yi ita ce: cikin tafiya goma, nawa ce ke sauka daga kwalta? Ɗaya ko babu, H/T. Uku zuwa sama, A/T.

Motata rim 21 gare ta, kullum gefen taya na fashewa. Zan iya ragewa?

Wannan ita ce cutar manyan motocin yanzu. Duk sanda rim ya girma, gefen taya ke gajarcewa, shi kuma gefen nan shi ne katifar da ke shanye dukan rami. Land Cruiser mai 285/60 R18 tana da gefe na milimita 171. LX 570 mai 285/50 R20 tana da kusan 143, mai 275/50 R21 kusan 138. Range Rover mai 275/40 R22 kuwa 110 kacal. Ramin da ta farko za ta shiga ta fita ka ji "dum" kawai, ta ƙarshen zai matse robarta tsakanin rim da bakin kwalta, zaren ciki ya tsinke, wani lokaci rim ɗin ma ya lanƙwashe.

Ana iya komawa ƙaramin rim da taya mai kaurin gefe, da sharaɗi biyu. Tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kasance daidai da na asali, bambancin kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, tayar ma ta iya gugar jikin mota wajen kwana. Na biyu, rim ɗin ya wuce kan birki ba tare da taɓawa ba, don wasu motocin birkinsu babba ne. Mafi sauƙi shi ne ka nemi girman da kamfanin ya taɓa fitar da irin motar da shi. Motar za ta rage ado kaɗan, wannan kam gaskiya ne.

Tayar Beljiyam fa? Mai shago ya ce ta fi sabuwar Chana ƙarfi.

Haka suke cewa dukansu. Watakila ranar da aka ƙera ta ta fi ƙarfi, amma kai ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san tsawon tafiyar da aka yi da ita ba iska ba, kuma irin wannan rauni a ciki yake ɓuya. Tsofaffin tayoyin mota na cikin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su. Ga kuma cusa taya cikin taya da wasu ke yi a kwantena don rage kuɗin jigila, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha gargaɗi a kai, domin yana lanƙwasa wayar bakin taya. Har sababbi ana yi wa haka. Motar da ta haura tan biyu, da iyalinka a ciki, ba wurin gwajin sa'a ba ne.

To wane kamfani ya fi?

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙira a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, shi ya sa farashinsu ke bin dala sawu da ƙafa. Dunlop Grandtrek, wadda Prado da Land Cruiser da yawa ke fitowa da ita daga kamfani, da Bridgestone Dueler, da Michelin, da Yokohama Geolandar, da Pirelli Scorpion da ake gani a Range Rover, duk ba a jin kunya da su. A tsakiya akwai irin su Maxxis da Hankook. Na Chana kuma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai masu dama-dama, akwai waɗanda ko a amalanke ba zan sa ba.

Ra'ayina: sabuwar taya ta matsakaicin kamfani, mai lambar nauyi daidai da kwanan wata na bana, ta fi babban suna da ya shekara shida a sito. Ka je da kanka, ka karanta lambobin kowace ɗaya cikin huɗun, ka karɓi rasit.

Biyu kawai zan iya saya yanzu. Gaba zan sa ko baya?

Baya. Na san direbobi za su yi gardama, don sun saba sa sababbi a gaba. Dalilin shi ne idan gaba ta zame a ruwa kana jin ta a sitiyari, ka rage gudu ta dawo, amma idan baya ta zame motar juyawa take yi gaba ɗaya. Sai dai Prado da GX 460 da Land Cruiser da LX 570 ƙafafunsu huɗu ke ja a kowane lokaci, kuma idan biyu sababbi ne biyu sun suɗe, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta riƙa aikin da bai kamata ba. In tsofaffin sun ci fiye da rabi, daure ka sauya huɗun. Kada kuma ka haɗa iri biyu a layi ɗaya, hagu daban dama daban.

Iska nawa ya kamata a sa?

Abin da takardar ginshiƙin ƙofa ta ce, ba abin da ke rubuce a gefen taya ba, don na gefen iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Yawancin motocin nan tsakanin 29 ne da 36 a geji, wasu kuma na son ƙari a baya idan an yi lodi. Masu faci da yawa idan suka ga babbar mota sai su ɗura 45 ko 50, wai don girmanta, wasu ma da dukan ƙarfe suke aunawa su saurari amon. Sakamakon shi ne tsakiyar zanen ya cinye, mota ta riƙa tsalle, rami kuma ya fi yi mata illa.

Amma ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari, kuma a nan ne wata al'ada ta direbobinmu ke ba ni tsoro: a tsaya a Jega da tsakar rana, a taɓa taya a ji ta yi zafi, a ce a rage mata iska kada ta fashe. Taya mai zafi dole gejinta ya hau da huɗu ko biyar, an yi lissafin haka tun a kamfani. In ka sace iskar, gefenta zai riƙa lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar ta ƙara zafi, zafin ya raba roba da waya. Bindigar da ake gudu ita aka kira. A auna da safe kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa uku, aƙalla sau biyu a wata. Ɗan gejin hannu ba shi da tsada, ka ajiye naka a mota. In ka rage iska don ratsa yashi, ka mayar kafin ka hau kwalta.

Iskar naitirojin da ake tallatawa tana da amfani?

Kaɗan. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. In kyauta ce karɓa, in da kuɗi sayi geji.

Bayan an sauya taya wata fitila ta kama a gaban direba, mai kama da kofato.

Ta na'urar auna iska ce. Motocin da aka sayar a Amurka daga ƙarshen 2007 duk suna da ita, kuma a yawancinsu ɗan na'urar na manne ne a gindin bawul, cikin rim. Mai cire taya da ƙarfe da guduma yana iya fasa shi bai ma sani ba. Shi ya sa irin waɗannan motoci a kai su inda ake cirewa da inji, ka kuma faɗa wa yaron tun kafin ya fara. In fitilar ta tsaya cak, auna iska. In tana ƙyaftawa kafin ta tsaya, na'urar ce ta samu matsala ko batirinta ya mutu. A wurin nan kuma a yi balansin da alaimen gaba ɗaya, sannan a riƙa juya tayoyin gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000.

Yaushe zan ce taya ta gama aiki?

A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da aka gicciya, tsayinsu milimita 1.6. Ranar da zanen ya yi daidai da su, magana ta ƙare. Ni ba na jiran haka in damina ta gabato, daga milimita 3 nake sauyawa, domin kwarin nan ne ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma ruwan farko da ke haɗuwa da ƙurar rani da man da ya zuba a kwalta santsi gare shi kamar kuɓewa. Tsattsagewa a gefe ma alamar tsufa ce. Kumburi kuwa, ko ƙanƙane ne kamar ƙwan zabuwa, zaren ciki ne ya tsinke, ba shi da gyara. Faci a tsakiyar zane ake yinsa, ga hudar da ba ta wuce milimita 6 ba, kuma daga ciki. Gefen taya ba a yi masa faci, ko mai facin ya rantse.

Safaya fa, ita ma sai na sauya?

Duba ta tukuna. A Land Cruiser da LX 570 a ƙarƙashin mota take rataye, tana shan ƙura da laka da zafin kwalta shekara da shekaru ba wanda ya leƙa ta, a wasu Prado kuma a ƙofar baya take, rana na gasa ta. Sau da yawa idan na sa aka sauko da ita, sai a tarar ita ce wadda motar ta baro kamfani da ita, iskarta bai kai 15 ba, sarƙar da ke sauko da ita ma ta yi tsatsa ta ƙi juyawa. Karanta lambar DOT ɗinta kamar sauran. In ta tsufa, zaɓi mafi lafiya cikin huɗun da ka cire, matuƙar shekarunta ba su wuce ba, ka mayar da ita safaya. Ka sa a zuba wa sarƙar mai, ka tabbatar jak da sifanan ƙafa suna cikin mota, har da ɗan makullin nan na musamman in rim ɗinka mai notin sirri ne. Masu BMW X5 da makamantanta da ke zuwa da tayar da ake iya takawa bayan ta sace, su sani iyakarta kusan kilomita 80 ne a gudun da bai wuce 80 ba, kuma da yawansu ba su da safaya sam. In za ka mayar da ita taya ta gama-gari, sayi safaya da jak rana ɗaya.